Saukar Sammani ta Biyu

Duk wanda ya taɓa jiran jirgi a Gar, tashar jirgin ƙasa ta Faraku, ya san Sammani mai rubuta wasiƙa, ko da bai san sunansa ba. Teburinsa na gindin mangwaro, tsakanin mata masu doya da inda manyan motoci ke sauke buhunan gyaɗa. Siriri ne, ba ya son hira, kuma yana da wani hali da ya sa ake tsokanarsa: ba a ce masa gobe. Ka zo ka ce bari ka je gida ka shirya abin da za ka faɗa, gobe ka dawo, sai kawai ka ji ya riƙe maka hannun riga.

"Zauna nan. Faɗi, ina rubutawa."

Wasu na cewa zafin nema ne. Zafin nema ina! Mutumin da rabin wasiƙunsa ko sannu ba ya jira a ce masa. Abin ya fi haka nisa, kuma ba daɗin ji gare shi ba.

Ɗan Zongon Jugu ne, ɗan Malam Abdulgani. Malam ba shi da shanu, ba shi da rumfa a kasuwa, gidansa ma duk damina sai an yi masa yaɓe. Abin da ya mallaka a duniya bakinsa ne. Shekara arba'in ba a raɗa suna ko a ɗaura aure a unguwar ba tare da shi ya shafa fatiha ba. Dillalan shanu kan biyo ta ƙofarsa kafin su wuce kasuwar Felebina, don ya sa musu albarka. Mutane sun yarda cewa Malam ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba, kuma ba ya roƙa wa mutum abin da bai san ma'anarsa ba. Wannan yardar ita ce dukiyarsa kaf.

Sammani ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Daga nan Malam ya yi abin da malaman unguwar suka daɗe suna gunaguni a kai, ya sa shi lakwal, wato makarantar boko. Dalilinsa shi ne, tunda boko ya zo kuma ba komawa zai yi ba, gara 'ya'yan Zongo su same shi a bakin nasu. Sammani kuwa kai gare shi, duk jarrabawa shi ne na ɗaya. Abin da ba wanda ya lura da shi, har shi kansa, shi ne bai taɓa yin karatu ba sai da wani tsaye a kansa. A zaure Malam ne da bulala. A lakwal mushe ne, wato malamin boko, da sandarsa. A ce masa hardace nan zuwa nan kafin azahar, ya hardace. Ba a taɓa ba shi wata shida an ce ya ji da kansa ba.

Shekara biyar bayan Dahome ta samu 'yancin kai ya ci jarrabawar shiga makarantar horon malamai a Faraku. Aka sauke shi a unguwar Ganu, gidan kawunsa Dogo mahauci. Kawu Dogo mutumin kirki ne, amma shi da takarda sai dai ya ƙunshe nama da ita. In ya ga Sammani kwance da littafi a kan fuska, sai ya hana 'yan gida motsi, wai ɗan Malam na karatu.

A makarantar kuwa mushe zai shigo, ya yi bayaninsa, ya rubuta sunayen littattafai a allo, ya kwashi jakarsa ya fita. Ba mai cewa zo ka biya. Ranar farko da Sammani ya shiga ɗakin littattafai, ya buɗe littafi ya fara karantawa da ƙarfi yana rausaya kai, yadda ya saba tun yana yaro. Mai kula da ɗakin ya ƙwanƙwasa tebur, ya ce masa nan shiru ake yi. Ɗalibai suka ƙyalƙyale da dariya. Ya gwada karatun shiru, ya ga haruffa na wucewa ta gabansa ba abin da ke zama. Bayan mako biyu ya daina shiga.

A wata na biyu mushen tarihi ya ba su aikin shekara. Kowa ya rubuta tarihin garinsu, shafi talatin, da Faransanci, a kawo kafin ƙarshen watan Mayu. Wanda bai kawo ba, ba zai wuce aji ba. Sammani ya yi murmushi a ransa. Tarihin Zongon Jugu? Ai a gidansu yake kwance. Ba wanda ya kai Malam sanin yadda fataken goro suka riƙa yada zango a wurin kan hanyarsu ta Gwanja, da wanda ya haƙa rijiyar farko, da wanda ya kafa masallaci.

Ranar nan ya sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, mai bango shuɗi. Ya zauna ya rubuta sunan aikin a shafin farko, ya zagaye shi da zayyana ja da baƙi irin ta gefen allon sauka. Yini guda ya ɓata a kan wannan shafin, kuma wallahi ya yi kyau. Ya rufe kayen, ya ce gobe sai a shiga aiki.

Goben ta zo, ya ga ɗakin ya yi datti, wa zai yi rubutu cikin datti? Ya share. Jibi ya wanke rigunansa, ya yi musu guga har da waɗanda ba ya sawa. Gata ya raka Kawu Dogo kasuwar shanu duba wani sa, shi da bai san gaban sa da bayansa ba. Daga baya ya gano Gar. In an tashi daga aji sai ƙafarsa ta kai shi can, ya zauna kan buhu yana kallon jirgin Kwatano na shigowa, 'yan dako na ihu, direbobin Nijar na shan shayi. Ba daɗi yake ji ba, kada ma a ce yawon jin daɗi ne. Yana zaune kayen nan na tsaye masa a ƙahon zuci, abinci ma ba ya masa ɗanɗano. Amma in ya koma ɗaki ya buɗe shafi na biyu, ya ga farinsa fat, sai jikinsa ya mutu murus, barci ya rufe shi da rana tsaka. Da bai damu ba ma da sauƙi. Ya damu ƙwarai, ya dai kasa ɗaga hannu ne, kuma ya rasa wanda zai gaya wa, don duk wanda ya ji zai ce lalaci ne.

Hutun tsakiyar shekara ya je Jugu da kayen a jaka. Kwana goma sha huɗu yana zuba wa Malam ruwan alwala, yana zaune gefensa a zaure. Tambaya ɗaya ce zai yi. Yau Malam na da baƙi, gobe Malam ya gaji, jibi Juma'a ce. Ya hau mota ya dawo Faraku bai ko fito da kayen daga jakar ba.

Mayu ta zo ta wuce. Da aka kafa sakamako, sunansa na can ƙasa tare da wasu biyu, an rubuta musu kalma guda, wadda ɗalibai ke kira dubule. Ma'anarta mutum ya faɗi, zai maimaita ajin. Kuma sau ɗaya ake yi wa ɗalibi wannan alfarmar, in ya sake sai kora.

Ya iso Jugu da hantsi, ya tarar da Malam shi kaɗai a zaure yana feƙe alƙalami. Bayan gaisuwa Malam ya ce, "To, Sammani, yaya aka ƙare?"

Duk hanya ya shirya yadda zai ce na faɗi. Da ya buɗe baki sai kalmar Nasara ta fito, don ta fi sauƙin faɗa.

"Baba, an ce in yi dubule."

"Me ke nan?"

"Maimaitawa ce. Karatun da na yi bana, in sake shi tun daga farko."

Malam ya ajiye wuƙar, fuskarsa ta washe. A wurinsa ai maimaitawa daraja ce. Yaro ya yi saukar fari, in malaminsa ya ga alamar zai zama wani abu, shi ne yake mayar da shi farko ya yi sauka ta biyu, karatu ya zauna daram. Sauran kuwa a sallame su su tafi kasuwa.

"Allahu akbar! Ashe Nasara ma sun san sauka ta biyu. Ku nawa aka zaɓa?"

Ga ƙofa a buɗe, kalma uku ta isa ta gyara komai. Sammani ya dubi fuskar tsohon, bai taɓa ganin ta haka ba.

"Mu uku ne, Baba. Cikin arba'in."

"Uku kacal!"

Ya ce a ransa bayan la'asar zai yi masa bayani, in murnar ta ɗan lafa. Kafin la'asar Malam ya aika an kamo ragon da yake turke don layya. Kafin magariba an yanka, an dafa, maƙwabta sun cika ƙofar gida. Aka miƙo wa Sammani hanta, tunda shi ne mai walima. Ya karɓa, ya tauna, ya haɗiye. Malam ya shiga ɗaka ya fito da gafakarsa ta jar fata, wadda mahaifinsa ya ba shi ranar tasa saukar ta biyu, ya rataya wa ɗansa a gaban jama'a. To, bayan wannan wa zai iya magana? Ya ce sai gobe. Hutun wata biyu ya ƙare a haka, ya ce in ya koma Faraku zai rubuto wasiƙa, a takarda abin zai fi sauƙi.

Shekara ta biyu ta same shi da kaya biyu, kayen da bai cika ba da wasiƙar da bai rubuta ba. Sababbin ɗalibai na zaune gefensa suna rubutu, shi yana kallon taga. Gafakar ya tura ƙarƙashin gado don kada su haɗa ido. Ya fara wasiƙar ya fi sau goma, duk ba ta wuce gaisuwa da fatan alheri ba.

A Jugu kuwa Malam ya ɗauki kalmar ya riƙe. Shi da bai taɓa yarda harshen Nasara ya hau bakinsa ba, ga shi yana cewa ɗana na can yana dubule. 'Yan Zongo ba su san ma'anarta ba, suna cewa madalla. Direbobi biyu uku da suka sani suka yi shiru don kunya.

Ana saura 'yan kwanaki Mayu ta kama, wani ma'aikacin gidan waya na Jugu mai suna Ibrahimu ya yi walima. Ɗansa zai zauna jarrabawar shiga sakandare, ya tara malamai da abokan aikinsa 'yan boko don a yi masa addu'a. Aka ba Malam Abdulgani rufewa kamar kullum. Ya ɗaga hannu, ya roƙa wa yaron lafiya da basira, sannan ya kawo abin da yake ganin ya fi kowanne.

"Allah ya sa ya yi dubule, kamar yadda Sammani ya yi. Allah ya sa duk 'ya'yanmu su yi dubule."

'Yan Zongo suka amsa da amin mai ƙarfi. Ɓangaren 'yan boko ya yi tsit, sai wani ya kasa riƙewa ya fashe da dariya. Ibrahimu ya miƙe tsaye.

"Malam, me na yi maka? Na kira ka gidana ka ci abincina, ka yi wa ɗana baki a gaban mutane?"

"Baki kuma? Alheri na roƙa masa, Ibrahimu."

"Alheri? Dubule faɗuwa ce, Malam! Wanda ya kasa, shi ake mayarwa baya. Ɗanka faɗuwa ya yi, kowa a Faraku ya sani."

An ce Malam bai sauke hannuwansa nan da nan ba. Ya daɗe da su a sama, sannan ya ɗora su kan gwiwa ba tare da ya shafa ba. Ya nemi gafarar mai gida, ya laluba takalmansa ya fita.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Sammani ya dawo daga Gar ya tarar da mahaifinsa zaune a zauren Kawu Dogo, rigarsa duk jar ƙasar hanya. Tsohon da ya shekara goma bai hau mota ba. Sammani ya durƙusa tun daga bakin ƙofa. Ya so a ce Malam ya zage shi, ko ya ɗauki bulala kamar da. Malam bai yi ko ɗaya ba.

"Kawo mini abin da aka ce ka yi ba ka yi ba."

Ya kawo kayen. Malam ya dubi zayyanar shafin farko, ya juya na biyu, na uku, ya bi su ɗaya ɗaya har bangon baya, duk da ya ga ba komai.

"Me suka ce ka rubuta?"

"Tarihin Zongonmu, Baba."

"Na Zongo." Malam ya rufe kayen. "Hutu nawa ka yi kana zuba mini ruwan alwala?"

"Uku."

"Ba ka tambaya ba."

Sammani ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a tabarma.

"Faɗuwa ba ta dame ni ba, Sammani. Na ga yaran da suka faɗi suka tashi. Amma na yanka rago ka ci. Ka bar ni na ɗauki kalmar da ban sani ba na kai gaban Ubangiji, a gidan mutane. Ɗauko alƙalami."

Tun daga hantsin nan har la'asar sakaliya Malam na faɗa, Sammani na rubutawa da ajami, sallah kaɗai ke tsayar da su. Fataken goro da jakunansu, rijiyar farko, shekarar da gobara ta ci rabin unguwa, sunayen limamai bakwai. Hannunsa bai tsaya ba ko sau ɗaya, tunda ga wani a kansa. Da suka gama Malam ya tashi, ya ƙi kwana, ya ƙi cin abinci. Gafakar ma bai tambaya ba. Kawu Dogo ya raka shi tasha ya samu motar yamma.

Sammani ya juya rubutun zuwa Faransanci cikin kwana uku. Kwana uku, jama'a! Abin da ya hana shi sakat shekara biyu, ya ci mutuncin ubansa, ashe aikin kwana uku ne. Mushen tarihi ya yaba, har ya karanta wani sashe a gaban aji, ya ce bai taɓa samun irinsa ba. Sai dai sauran darussan da ya shekara bai buɗe ba ba su san da wannan ba. Lissafi ya kayar da shi, kimiyya ta kayar da shi. A watan Yuli aka sallame shi.

Bai koma Jugu da zama ba. Da wane ido? Kawu Dogo ya ba shi tsohon teburin da yake sara nama a kai, Sammani ya kankare shi ya kai gindin mangwaron Gar. Yakan je gida sallah sallah ya gaida Malam, su yi maganar damina da lafiyar iyali, ya kwana ɗaya ya juyo. Malam ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, bai sake tayar da zancen ba. Amma ƙanwar Sammani, Rahmatu, ta gaya masa abin da ya biyo baya. An rage kiran Malam wurin suna. Masu kiransa ma sai ka ga ana taɓa juna in ya ɗaga hannu. Daga baya shi da kansa ya daina zuwa, in an matsa ya ce a ba wani, shi yanzu ba ya roƙa wa ɗan kowa komai da sunansa. Akwai kuma abin da Rahmatu ta ɓoye masa, ta ga ba amfanin ya sani.

Ya ji shi ne shekara shida bayan rasuwar Malam. Wani matashin dillalin shanu ya zo teburinsa, ya ce wasiƙa zai aika wa matarsa a Jugu, ba su daɗe da kama haya a Zongo ba. Sammani ya rubuta, ya karanta masa, ya ɗauko ambulan.

"A kai wa wa?"

"Salamatu, matar Labbo. Ka sa kusa da gidan Malam Dubule."

Alƙalamin ya tsaya.

"Gidan wa?"

"Malam Dubule. Wani tsohon malami ne, ya rasu. An ce wai shi ne ya taɓa roƙa wa yaran unguwa faɗuwa gaba ɗaya, aka ce amin." Ya yi dariya. "Ka ji malami!"

"Sunansa Malam Abdulgani."

"Oho, ni ban sani ba. Ka san shi ne?"

Sammani ya gyara riƙon alƙalami. Ya rubuta Malam Abdulgani a bayan ambulan, da kyakkyawan rubutun nan nasa, ya miƙa. Mutumin ya sa ya karanta masa, ya girgiza kai ya turo ta baya.

"Haba malam, direba zan ba. In ya je yana tambayar Abdulgani wa zai nuna masa? Ba wanda ya san wannan sunan yanzu. Sa yadda na gaya maka, motar na shirin tashi."

Gaskiya ya faɗa, motar na ta hon a bakin tasha. Sammani ya ɗauko sabuwar ambulan, ya gyara zama, ya rubuta wa ubansa sunan da hannunsa.